Rabon Ƙyale-su

Tambari na Kagara mafarauci ne ɗan mafarauci, kuma in ka yi kuskuren tambayarsa kakanninsa, to ka nemi wurin zama, don sai rana ta juya bai kai ƙarshe ba. Abin da ubansa ya bar masa bai taka kara ya karya ba: gora, da ƙahon kiran karnuka, da wani irin jajayen karnuka masu dogayen ƙafafu da farin tabo a ƙirji, waɗanda aka san gidansu da su tun daga Goronyo har Tursa. Sai kuma doka guda, wadda ya riƙe fiye da yadda wasu ke riƙon salla. Karen farauta ba ya cin naman da ba shi ya kama ba. A gida abincinsa dussar gero ce da ruwan zafi, da ƙanzon tuwo, wata rana a watsa masa dafaffen wake. Nama sai a daji. In kare ya kayar da zomo ko gada, a yanka, a farke ciki nan take, a jefa masa hanji da huhu da ɗuminsu. Shi ake kira rabon kare.

Dauri, a zamanin da, wannan doka ba ta cuci kowa ba. Daji na nan bayan gari, ba a kwana biyu ba a shiga ba, kare kuwa ba ya dawowa da bushasshen baki. Dussar gida riƙon ciki ce kawai kafin a fita. Ubansa ya ce karen da ya saba samun nama a kwance ba ya ƙara bin zomo, kuma a zamaninsa bai yi ƙarya ba.

Sai aka gina dam aka tsare gulbin Rima a Goronyo. Katafiloli suka shigo suka kwashe kurmin da ke gefen fadama, ruwa ya haɗiye sauran, aka yanka ƙasa gonaki gonaki, aka ja magudanai. Albasa da tafarnuwa da shinkafa suka zauna inda gada ke kwana. Masu gona sun ji daɗi, ba wanda zai ce ba su ji ba, wasu har Makka suka je da albasa. Amma namun daji ba su tsaya sallama ba. Abin da ya rage gafiya ce da ɓeraye, su kuwa sun yi ƙiba sun yi yawa har manoma suka shiga zuba musu guba a bakin magudanai.

Gubar nan ita ta ci Duna, namijin karen Tambari. Ya kamo gafiya mai tangaɗi, ya cinye, kafin la'asar yana kumfa yana shure-shure a ƙofar gida. Aka bar Tambari da karya guda, Ƙyale-su, da cikin Duna a jikinta. Duk abin da ya saura na wancan irin yana cikin wannan cikin. Saboda haka ya samo igiya ya ɗaure ta a gindin aduwar bayan ɗaki, kada ta fita ta ci abin da Duna ya ci. Wannan kam ya yi tunani. Inda tunanin ya tsaya shi ne bakin kaskon abincinta.

Shi kansa a lokacin ya koma gadin gonar albasar wani alhaji. Mutumin da in ya busa ƙaho karnukan unguwa uku ke tashi, ga shi yana korar awaki da kara. Bai yafe wa dam ba, bai yafe wa albasa ba, ko a miya in ya ji ta sai ya ɓata rai. Kome ya tafi, sai dokar nan ta rage masa, shi kuwa ya ƙanƙame ta da hannu biyu.

Ƙyale-su ta haifi huɗu. Uku mata, namiji guda, shi ne ya ɗebo farin tabon Duna. Tambari ya tsuguna ya yi ta kallonsu yana murmushi har matarsa Uwaliya ta ce ko ranar sunan 'yarsu Hassana ba ta ga haƙoransa haka ba. Ya ƙara wa karyar dussa, safe da maraice kasko cike. Tana ci, don ba yadda za ta yi, amma abincin kamar a rariya yake zuba. Kafin 'ya'yan su buɗe ido ana ƙirga haƙarƙarinta daga bakin ƙofa. Gashin bayanta ya fara zuba, kashinta ruwa ruwa da dussar a ciki yadda ta shiga. Dauri mai jego akan zuba mata nono, to Fulanin da ke kawowa sun ɗaga da shanunsu tun da aka nome burtali da makiyaya.

Uwaliya ba mai son kare ba ce. Ba ta taɓa shafa shi ba, kuma in ya lashi ƙwarya sai ta wanke da ƙasa tana tsaki. Amma ta yi jego, ta san abin da ake nufi da a sha ka kana da yunwa. Wata safiya ta same shi yana dama dussa da ƙaton kara, ta tsaya nesa da igiya.

"Malam, dabbag ga ƙarewa taka yi."

"Jego na. Kowace karya haka taka yi."

"Ni ma na yi jego, ba dussa anka ba ni ba. Ba ka ji abin da malamai ka hwaɗi ba ga wadda taɗ ɗaure mussa?"

Ya ɗago ya dube ta. "Waccan ba ta ba ta abinci ba. Ni dubi kaskona. Akwai gidan da kare ka samun haka cikin Kagara?"

"Ka ɗaure ta ka hana ta nema, sannan ka ce sai abin da ta kama. Mi za ta kamawa nan? Ɗiyan aduwa?"

Ya ƙara ruwa ya ci gaba da damu. Mussar Uwaliya, wata siririyar baƙar kyanwa da ba wanda ya isa ya ɗaure ta, ta zo ta sunsuna kaskon, ta kaɗa ƙafa ta wuce abinta.

Ranar kasuwar Goronyo ya je sayen dussa, hanya ta bi da shi ta kwata. Sale mahauci, ɗan wani tsohon abokin farautarsa, ya hango shi ya aje wuƙa ya rusuna.

"Baba, ina gajiya? Na ji karyakka ta haihu. Ga huhu ga tumbi nan muna zubarwa, in ƙunsa maka. Kullum kasuwa ka aiko a amsa, ba sai ka zo ba."

Yaron da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma idon Tambari ya riga ya sauka kan karnukan kwata, suna kwance cikin laka da jini, tumbi a gaba, ƙuda na bin kunnuwansu, ko motsi ba sa yi sai an jefo. A wurin mafarauta ba zagin da ya kai a ce da karenka karen kwata. Ya ji kamar an watsa masa ruwan wankin tumbi a fuska.

"Sale, ubanka ya bi ni daji. Da shina raye ba ka hwaɗa min haka ba."

"Allah shi ba ka haƙuri, Baba. Ni dai na ga daji ya ƙare."

"Ga wanda bai san shi ba ya ƙare."

Ya ɗauki buhun dussarsa ya yi gaba, yana jin ya yi abin da ubansa zai yi alfahari da shi. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma ba su ce sai yaro ba.

Ta farko a cikin 'yan kwikwiyon ta mutu ba a jima ba. Da safe aka gan ta gefe ta sandare, sauran suna ta jan nonon da ya koma kamar tsumma. Tambari ya ce dama cikin huɗu akan rasa guda. Ya sayo ƙuliƙuli ya daka a dussa, ya zuba kuka, ya jiƙa kanwa. Kada a ce bai so ta ba, ya so ta. Yakan zauna gindin aduwa yana cire mata kaska ɗaya ɗaya yana kiranta da kirarin uwarta. Duk abin da ƙasa ta tsirar ya zuba mata a kasko, abu guda ne kawai bai ba ta ba, shi ne kuwa abin da jikinta ke kuka a kai.

Ran wata Juma'a Uwaliya ta yi miya da ɗan naman akuya. Da aka gama ci ta tattara ƙasusuwa da wata jijiya da ta gagari haƙori, ta faki idonsa ta jefa gindin aduwa. Ƙyale-su ta cafe tun bai kai ƙasa ba. Ƙarar ƙashi a bakinta ita ta fito da Tambari daga ɗaki. Ya zaburo, ya danne wuyanta da gwiwa, ya cusa hannu cikin bakinta ya zaro ƙashin, ya wurga bayan danga. Da ta miƙa baki ga wanda ya rage a ƙasa, sai ya ɗauki gora ya sauke mata a hanci. Ta yi ƙara ta ja baya. Ya ɗauki ƙashin ya miƙa mata, ta matso, ya sake sauke gora. Haka ya yi ta yi har sai da ya kai ƙashin bakin hancinta ta kau da kai tana rawar jiki. Haka ubansa ke horar da kare, haka shi ma ya iya.

Uwaliya na tsaye riƙe da akushi. Ta ce, "Allah na ganinka, Malam."

"Shina ganin mai ɓata min kare kuma."

Washegari ya ce zai nuna wa kowa. Ya kwance ta, ya rufe 'ya'yan da kwando, ya rataya ƙaho, suka kama hanyar Tursa inda ya tuna da wani ɗan kurmi na sabara da geza. Suka yi ta tafiya kan gaɓar magudana, hagu albasa, dama albasa, injinan ban ruwa na ta tari. Masu aiki suka riƙa ɗagowa suna kallon tsoho da ƙaho da ƙaramar karya mai tangaɗi. Kurmin da ya tuna ya tarar an share shi an dasa tafarnuwa. Can gefen wani tudu da ruwa bai kai ba, Allah ya kawo zomo guda, ya tashi daga gindin sabara. Tambari ya yi kuwwa. Ƙyale-su ta zabura, don jinin ubanta da na uwarta bai bar ta ta tsaya ba. Ta bi shi kamar da gaske, sai ƙafafun baya suka harɗe, ta kife, ta tashi, ta sake kifewa. Zomo ya haye tudu ya tsaya yana kaɗa kunne.

A kafaɗa ya dawo da ita gida. Duk mai hankali ya san abin da ya gani a tudun nan. Shi kuwa da ya sauke ta sai ya juya ga matarsa.

"Kin gani? Ƙashi guda kinka ba ta, ga shi ta kasa zomo."

Uwaliya ta juya ta shige ɗaki. Tun daga ranar ba ta ƙara ce masa kome a kan karyar ba, kuma shirun nata ya fi maganar ciwo.

Ta biyu ta bi ta farko, ta uku ta bi ta biyu. Kowace ya haƙa rami bayan danga ya binne, ya dawo ya ƙara dussa. Ya rage namijin nan mai farin tabo. Shi Tambari ya zuba wa ido. In wannan ya tashi, a nemo masa mace ko daga ina, irin bai yanke ba. In ya tafi, to an rufe littafin gidansu, a bar shi da gora da ƙahon da ba mai amsawa. Yakan ɗauki ɗan a tafin hannu ya ji ba nauyi, ya ɗiga masa kunu da yatsa, kunun ya dawo ta hanci. Kukansa ma ya daina fita, sai dai ka ga baki na buɗewa. Uwar kuwa ta daina lasarsa. Tana kwance ta miƙe wuya, ido a kafe, ta bar kallon kasko ko an cika shi.

Abin da ya karya shi ba magana ba ce. Wata safiya ya zo cire mata kaska, ya ɗaga leɓenta, ya ga dasashinta fari fat kamar na dabbar da aka yanka jini ya tsiyaye. Ya san wannan farin, ya sha ganinsa a bakin gada. Ya daɗe tsugune. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji a daji ba, da kunya a kansa. Ranar kasuwa ce. Ya cika kasko kamar kullum, ya shiga ɗaki ya sa babbar rigarsa, ya fita bai ce wa Uwaliya inda za shi ba.

Sau nawa ya wuce kwata ya dawo, Allah kaɗai ya sani. Ya tsaya wurin masu igiya, ya taya abin da ba zai saya ba, ya jira mutane su ragu, ba su ragu ba. Daga ƙarshe ya matsa kusa da teburin Sale ya tsaya yana kallon ƙasa. Da Sale ya yi dariya ko ya yi habaici, da ya samu abin riƙewa ya yi fushi ya tafi. Yaron bai yi ko ɗaya ba. Ya yanko huhu da hanta da wani yanki na tumbi, ya naɗe cikin takardar siminti, ya miƙa da hannu biyu ta ƙasan tebur yadda ba wanda zai gani.

"A gaida Inna, Baba."

Tambari ya cusa ƙunshin cikin riga ya kamo hanya. Karnukan kwata biyu suka ji wari suka biyo shi har bayan kasuwa suna kaɗa wutsiya, kamar sun samu ɗan'uwa. Jini ya ɓullo ta takardar ya jiƙa masa ciki. A hanya yana ta shirya abin da zai faɗa wa kansa: na jego ne kawai, in ɗan ya tashi a koma kan doka, ba wanda ya sani sai Sale. Har ya fara jin sauƙi. Ya ƙara sauri.

Rana ta ɗan karkata ya shigo gida. Uwaliya na tsaye tsakar gida da taɓarya a hannu, turmi na gabanta da gero ba a gama surfe ba. Ba ta yi masa sannu da zuwa ba. Ta dube shi, ta dubi jinin da ke rigarsa, sannan ta mai da ido bayan ɗaki.

Kasko na nan cike yadda ya bar shi, dussa ta yi ɓawo, ƙuda sun rufe ta. Ƙyale-su na kwance, amma kanta a ɗage, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba. Bakinta ja ne har gemu. Ya duba gefen cikinta inda ɗan ke kwanciya, ba kowa. Ya duba bayanta, ya duba ƙarƙashin kwando.

Da ta gan shi sai ta kaɗa wutsiya. Ta yunƙura ta miƙe, ta sunkuya ta ɗauki wani abu tsakanin ƙafafunta, ta tako iyakar inda igiya ta bar ta, ta aje a gabansa, ta koma ta zauna tana kallon fuskarsa. Haka aka koya mata tun tana ƙarama, in ta kama ta kawo wa mai ita. 'Yar fata ce ja, da ƙafa guda a jiki, da farin tabo.

Uwaliya ta yi magana daga bayansa, a hankali, ba ta ɗaga murya ba.

"Ina surhe nij ji ƙara. Kahin in zagayo ta gama. Ba ni na ba ta ba, Malam, kada ka ce ni ta. Da kanta tak kama, da ɗuminai tac ci. Ba ta taka maka doka ba."

Bai juyo ba. Ya durƙusa a ƙasa. Ya so ya zage ta, ya so ya zagi dam da masu albasa da mai zuba guba, ya nemi wanda zai ɗora wa ya rasa, don hannun da ya ɗaure igiyar nan da wanda ya dama dussar nan duk suna jikinsa. Da wannan hannun ya laluba cikin riga ya fiddo ƙunshin. Takardar ta jiƙe ta manne, da ƙyar ya ɓare ta. Ya ɗauki hantar ya miƙa mata.

"Amshi. Ci, Ƙyale-su. Ni na ba ki."

Ta miƙo hanci, ta sunsuna. Sai ta dubi hannunsa, ta dubi gorar da ke jingine da aduwa, ta kwantar da kunnuwa. Ya matsa da gwiwa ya kai mata har baki. Ta kau da kai, ta ja da baya, ta ja, har igiya ta shaƙe ta ta wancan gefen, ta lafe jikin itace tana rawar jiki. Ya aje naman a ƙasa ya janye hannu, ya kira ta da kirarin uwarta. Ba ta matso ba.

Baƙar mussar Uwaliya ta diro daga kan danga, ta zagaya shi a hankali, ta ciji gefen hantar ta ja ta zuwa ƙarƙashin rumbu. Tambari na durƙushe yana kallo bai kore ta ba. Can tsakar gida Uwaliya ta ɗaga taɓarya ta ci gaba da surfe.